A Duba Ƙafafun Kariya Kafin a Ɗora wa A-kori-kura Kaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka don mu yi magana da 'yan'uwanmu masu a-kori-kura a Legas, da masu shirin saye, a kan kariyar ƙarfen nan da ake ginawa a bayan mota don ɗaukar rodi, katako, kwano, fayif, tsani da katifu. Wasu na ce mata keji, wasu kariya. Mu masu walda ne da direbobi, kuma wannan sana'a da ita muke ci.

Yadda aka saba, mai mota zai zo ya kama ƙarfen ya jijjiga, ya ga kaurinsa, ya ce madalla, ya biya. To amma motar da ke tsaye a gareji ba ta gwada komai ba. Jarrabawar kariya tana zuwa ne lokacin da danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya, ta tsaya a gabanka ba sigina a titin Ikorodu ka taka birki har ƙasa, ko ka shiga kwanar hawa gada da kaya a sama, ko tayar baya ta faɗa ramin da ruwan sama ya ɓoye. A waɗannan wurare uku, abin da ke fara ba da kai shi ne ƙafafu, da inda aka ɗaure su a jikin bodi, da kusurwoyin da ba a tokare ba. Ƙarfen saman da kowa ke yabawa da wuya a ga shi ya fara karyewa.

Mu fara da lissafin da mutane ba sa son ji. Kariya ba ta ƙara wa mota ƙarfin ɗaukar kaya ko da kilo 1, ita kanta kaya ce. Irin su Toyota Hilux, Mitsubishi L200, Isuzu D-Max, Ford Ranger da Nissan Navara, abin da aka yi su su ɗauka yana kusan tan 1, wata ta ɗan ɗara, wata ta gaza, gwargwadon samfuri. Ainihin adadin yana cikin littafin motar da kuma ƙaramin allon da ake liƙawa a jikin ginshiƙin ƙofa ko cikin injin: a cire nauyin motar ba kaya daga jimillar nauyin da aka yarda mata, abin da ya rage shi ne naka. A ce ya kama kilo 1,000. Direba da yaran mota 2, kowanne kilo 70, sun ci 210. Kariyar ƙarfe mai kyau za ta kai kilo 60 zuwa 70. Tamfol, igiyoyi, akwatin sifana da sauran tarkace, a ce 30. Abin da ya rage kilo 690 zuwa 700 ne, wato bai wuce buhun siminti 14 ba. Wanda ya gina kejin da nauyinsa ya kai kilo 150 don a ce nasa ya fi na kowa ƙarfi, kullum yana yawo da buhun siminti 3 da babu mai biyansa kuɗin dakonsu, ga mai da yake ƙonawa a kansu a cunkoson Apapa.

Daga cikin abin da ya rage ma, kaɗan ne ya kamata ya hau sama. A ganinmu, ga irin waɗannan motoci, kilo 200 zuwa 300 shi ne iyaka a saman kariya idan ana tafiya, kuma gara a ce akwai kaya masu nauyi a ƙasan bodi da za su danne motar. Rodi mai milimita 12 da ake sayarwa da tsawon mita 12 nauyinsa kusan kilo 10.7 ne, don haka guda 20 sun haura kilo 210. Mai milimita 16 kuwa kusan kilo 19 ne kowanne, guda 15 sun kai ka bakin iyaka. A ido ɗan ƙunshi ne, shi ya sa ake ruɗuwa da shi. Nauyin da ke can sama, kusan mita 2 daga ƙasa, shi ne ke jan mota ta kwanta a kwana. Duk wanda ya daɗe a garin nan ya san labarin kwantenonin da suka faɗo daga kan manyan motoci a gadar Ojuelegba; a-kori-kura ƙarama ce, amma ita ma ba ta fi ƙarfin wannan doka ba.

Ga abin da birki ke yi. Ƙa'idar ɗaure kaya da ake bi a Turai ta ce a ɗauka cewa a birki mai tsanani kaya zai tura gaba da ƙarfin da ya kai kashi 80 cikin 100 na nauyinsa, a kwana kuma zai tura gefe da kashi 50. Ke nan kilo 300 a sama zai ingiza kariya gaba da ƙarfin kilo 240. Ƙafar kariyar da ta ɗara rufin gidan gaba, inda direba ke zama, tsayinta daga leɓen bodi kusan santimita 65 ne. Sai mutum ya kwatanta sifana mai tsawon santimita 65 an danna bakinta da kilo 240. Abin da notin da ke gindinta zai ji, shi gindin ƙafafun kariya ke ji. Ƙafafun baya na son tumɓukewa sama, na gaba na son nutsewa cikin bodi. Kuma ba sau ɗaya ba, kullum, daga Mile 12 zuwa Oyingbo sau nawa ake taka birki?

Batun ƙarfe. Ga kariyar aiki mai nauyi, mun fi yarda da fayif mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurin bango milimita 3, a ƙafafu da sandunan gicciye. Tokarai da ƙananan wurare, mai 40 da 40 kaurin milimita 2 ya wadatar. Wanda zai je saye kasuwar ƙarfe ta Owode Onirin ko ta Orile ya tafi da abin auna kauri, ya kuma auna a tsakiyar bango bayan ya goge bakin, domin kaifin da zarto ke bari a bakin fayif yana ƙara masa kaurin ƙarya. Idan babu abin awo, sikeli ba ya ƙarya. Mai 50 da 50 kaurin 3 nauyinsa kusan kilo 4.2 ne a kowace mita, wato sanda mai mita 6 za ta kai kilo 25. In aka ɗora ta nuna kilo 17 ko 18, mai milimita 2 ce, ko me mai shago ya kira ta. A auna tsawon ma, ba kowace sanda ce ke cika mita 6 ba.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Sandar gicciye mai tsawon mita 1.5 da aka yi da 50 da 50 kaurin 3 na ƙarfe na gama-gari, sai an tara mata kusan kilo 500 a tsakiya kafin ta lanƙwashe ta ƙi komawa. Wadda aka yi da 40 da 40 kaurin 1.5, irin wadda ake yin ƙofa da taga da ita, kusan kilo 175 ya isa ya yi mata haka. Wannan kuwa a tsaye ne. A kan hanya, inda rami ke ɗaga kaya ya sake buga shi, mai hankali yakan raba wa 3: ta farko a ba ta kilo 160, ta biyu ba ta kai 60 ba. Shi ya sa sandunan gicciye 3 na farkon ke riƙe kilo 300 hankali kwance, na biyun kuwa bayan 'yan watanni sai ka ga tsakiyarsu ya yi ciki kamar igiyar shanya. Idan fayif ɗin mai faɗi da siriri ne, kamar 50 da 25, a tsayar da shi a kan sirinsa. Tsayin ƙarfe ne ke hana lanƙwasa, kwantar da shi asarar ƙarfe ce. Tsohon fayif na ruwa da aka tsinto a bola kuwa, tsatsarsa daga ciki take ci, ba a gane ta sai ranar da ya ɓalle.

Yanzu ga inda muke so a tsaya a saurara, wato gindi. Leɓen bodin waɗannan motoci falle ne na ƙarfe da kaurinsa bai wuce kusan milimita 1 ba, an lanƙwasa shi ne kawai ya yi kama da abu mai ƙarfi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a yi wa kowace ƙafa ɗan faranti kamar tafin hannu, a huda leɓen, a sa noti 1 ko 2 da ƙaramar wosha a ƙasa. Ranar farko kamar an dasa. Bayan wata 2 ramin ya zama ƙwai, bayan wata 6 woshar ta fara ratsa fallen, tsaga ta bi ta gefe, sai a ce bodin motar ne ba shi da kyau. Wasu kuma su ce bari su huta, su yi wa ƙafar walda kai tsaye a jikin leɓen. Wannan ya fi muni: wutar da za ta narkar da ƙarfe mai milimita 3 tana ƙona mai milimita 1, fenti da maganin tsatsar kamfani su tafi, sannan fallen ya yage a gefen waldar, kariya ta tashi da guntun bodi a ƙafarta.

Abin da ya dace shi ne a raba nauyin a tsawon bodi gaba ɗaya. A kwantar da ƙarfe mai kusurwa, wanda masu sayarwa ke kira angul, mai 50 da 50 kaurin milimita 5, daga farkon leɓe zuwa ƙarshensa a kowane gefe, ƙafafu su zauna a kansa da walda. Tsakaninsa da bodi a shimfiɗa roba mai kaurin milimita 3 zuwa 5, ta hana ƙarfe cin fenti, ta kuma rage ƙara. A ɗaure kowane gefe da noti mai milimita 10 aƙalla guda 4, biyu daga ciki kusa da ƙafafu, kuma a ƙarƙashin leɓen kowane noti ya samu faranti mai kaurin milimita 4 ko 5, faɗi kamar santimita 5 da 10, wanda aka goge kaifin kusurwoyinsa don kada ya yanki fallen. A duba kan notin, a ga an buga 8.8. Wanda ba shi da lamba na kafinta ne, yana miƙewa kamar cingam. Uwar notin a sa mai roba a ciki, wadda jijjiga ba ta kwance ta. In kuma noti zai ratsa ta cikin fayif mai rami, a zura ɗan guntun bututu a ciki a yi masa walda, in ba haka ba, duk ɗaurin da aka yi matse bangon fayif ɗin kawai yake yi, gobe ya sake saki.

Ga wanda aikinsa kullum rodi ne da katako, ko wannan bai isa ba. Ƙafafu su sauka har ƙasan bodi, kowacce a kan faranti mai santimita 10 da 10 kaurin milimita 6, a daidai inda ƙarafan da ke tallafe da ƙasan bodi suka gitta, da wani farantin a ƙarƙashi, noti mai milimita 12. Sannan a kama ƙafar da leɓen bodi daga sama don kada ta yi lilo. Za a rasa ɗan fili a kusurwoyi, amma nauyi ya sauka inda aka yi don shi. Kafin a huda ƙasan bodi, a kwanta a leƙa: tankin mai, bututun birki da wayoyin fitilun baya duk a nan suke bi. A sa wa bakin injin huda ɗan guntun bututu ya tsaya da zarar ya ratsa.

Abubuwa biyu ne muke roƙon kada a yi, ko mai mota ya matsa. Na farko, kada a haɗa kariya da gidan gaba. Bodi da gidan gaba kowanne zaman kansa yake yi a kan shasi, kuma shasi yana murɗawa in taya ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa rami. Wanda ya tsaya a gefe ya kalli mota na hawa kwalbati a karkace zai ga layin bodi da na ƙofa sun saɓa. Kariyar da aka ɗaure ƙafa biyu a bodi, biyu a rufi, ita ce za ta riƙa shan wannan murɗiya har ko dai walda ta tsage, ko rufi ya yage ruwa ya fara zuba a kan direba, wani lokaci har gilashi ya tsage. Rufin ma ba a yi shi don kaya mai yawa ba, yawanci ƙasa da kilo 100 ake rubuta masa. Idan ana son kariya ta miƙa kan gidan gaba saboda dogayen kaya, ta miƙa a sake, da tazarar aƙalla santimita 6 daga rufi, dogayen ƙarafan gefe su zama guda ba haɗi, a tokare su daga ƙafafun gaba. Mai tafiya da rodin da aka ninka biyu, wanda ya kai mita 6 alhali Hilux gaba ɗayanta kusan mita 5.3 ce, gara ya yi wani firam daban a gaban mota da aka ɗaure a mazaunin bamba. Na biyu, kada a yi walda a jikin shasi, kada kuma a huda leɓensa na sama ko na ƙasa. Can ne ƙarfen ke shan ja da matsi, kuma tsagar shasi daga irin wannan tabo take farawa.

Kusurwoyi. Firam mai kusurwa huɗu ba tare da tokari ba, komai kaurinsa, ana iya kwantar da shi ya koma kamar katin da aka tura. Mai kusurwa uku kuwa ba ya kwanciya sai wani gefe ya karye. Don haka kowane gefe ya samu tokari a karkace daga saman ƙafar gaba zuwa angul ɗin ƙasa, wannan shi ne maganin birki. Fuskar gaba, bayan gilashi, ta samu nata tokarin a gicciye, wannan maganin kwana ne. Bayan kuwa dole a bar shi a buɗe don lodi, sai a biya bashin da faranti mai kusurwa uku a kowace kusurwa, gefensa santimita 10 zuwa 12, kauri milimita 4 ko 5. A liƙa shi a gefen fayif, inda bango biyu suka haɗu. Tsakiyar bangon fayif yana numfashi kamar fatar ganga, farantin da aka dasa a nan shi da kansa zai huda shi. Karkatar da ƙafafu ciki kaɗan su bi siffar gidan gaba yana rage tsawon sandunan gicciye, yana kuma hana kariya kama rumfunan masu kaya a lungunan kasuwa. Sandar baya a yi ta mai cirewa da noti ko fil, don ranar da za a ɗauki firiji ko tankin ruwa a tsaye.

Ga 'yan'uwanmu masu walda, wannan tunatarwa ce, ba koyarwa ba. A gina a ƙasa mai daidai bayan an ɗauki awo a jikin mota. A ɗiɗɗiga tukuna, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta fuska biyu, bambancin kada ya wuce milimita 3, sannan a cika walda ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan don zafi kada ya ja firam ɗin. Kariyar da aka tilasta wa zama da noti tana ɗauke da ciwonta tun kafin a ɗora mata kaya. Fayif mai milimita 3 sandar walda mai 2.5, wadda ake kira geji 12, a wuta amfiya 70 zuwa 90 ta ishe shi. Angul mai 5 kuwa a ɗauki mai 3.2, geji 10, a kai wuta 100 zuwa 120. Ƙaramin janareto da ke shaƙewa da zarar sanda ta taɓa ƙarfe ba ya ba da wutar da za ta ratsa, sai walda ta zauna a sama tana ƙyalli alhali ciki ba a haɗe ba. Danshin garin nan kuma yana shiga sanduna, musamman daga Afrilu zuwa Yuli. Sandar da ta sha danshi tana tartsatsi da yawa, tana barin ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. A adana su a gwangwani mai murfi. Kowane haɗi a zagaye shi duka fuska huɗu, a kakkaɓe kashin walda, kuma kada a goge ta har ta baje don ado, balle a rufe da fota. Mai mota ya nemi ganin walda kafin fenti, haƙƙinsa ne. Idan fayif mai ruwan tutiya ne, a goge tutiyar a wurin haɗi, a yi aiki a sarari, hayaƙinta na sa zazzaɓi da ciwon kai. In kuwa ya zama dole a ɗiga wani abu a kan mota, a cire kan batir, a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin, a rufe gilashi, domin motocin yanzu kwamfuta ke tafiyar da injinsu.

Ƙananan abubuwa da ake mantawa: raga ta ƙarfe a bayan gilashin baya, ita ce tsakanin ƙeyar direba da katakon da ya zame, ƙahonni masu tsayin santimita 10 zuwa 15 a bakin kowace sandar gicciye don kaya kada ya sulale gefe, ƙugiyoyin ɗauri a kowane santimita 30 zuwa 40, na ƙarfe sumul mai milimita 10 ko 12. Guntun rodin gini ba ya dacewa da ƙugiya, zanensa na cin igiya, wani kuma yana ƙarfewa ya ɓalle a gefen walda. Kada kariya ta rufe fitilar birki ta sama, kada ta hana ƙofar baya buɗewa. Bayan an gama a auna tsayin mota da kariya a rubuta a gaban direba, saboda ƙofofin layi da wayoyin wuta da ke rataye a Agege, Mushin da Ajegunle.

Tsatsa a Legas ba irin ta Kano ko Sakkwato ba ce. Iskar teku na ɗauke da gishiri, motar da ke zirga-zirgar Apapa, Lekki ko Badagry tana shan shi kullum. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a kariya tsagar ita ce bakin fayif da aka bari a buɗe. A toshe bakunan sama da faranti ko murfin roba, wanda kuma ke kashe fiton da kariya ke yi in an hau gadar Third Mainland da gudu. A ƙasan kowace ƙafa a bar rami mai milimita 6 zuwa 8, domin ko an rufe ruf, raɓa na taruwa a ciki. A wanke man da ke jikin sabon fayif da tina, a goge da burushin waya, a shafa jan fentin hana tsatsa sau 2, kowanne ya bushe sosai, sannan fentin sama sau 2. Ramukan da aka huda a bodi a shafa musu fenti kafin noti ya shiga. Mai hali ya kai a tsoma masa ita gaba ɗaya a narkakkiyar tutiya, amma a nan dole kowane fayif ya samu ramin shaƙa, domin zafin kaskon ya kai digiri 450, rufaffen fayif na iya fashewa a ciki.

Wanda ya fi son ya sayi shiryayya, sabuwa ko tokunbo, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, a kasuwar Ladipo, shi ma akwai abin lura. Ta alminiyam ba ta da nauyi, alminiyam kusan kashi ɗaya cikin uku ne na nauyin ƙarfe, kuma ba ta jan tsatsa. Amma tana lanƙwasa fiye da ƙarfe in girmansu ɗaya, tana raunana a gefen walda, kuma in ta tsage sai mai waldar argon, wanda ba a kowane layi ake samu ba. Inda ta haɗu da ƙarfe a iska mai gishiri tana yin farin gari tana ruɓewa, sai an raba su da roba. Adadin nauyin da aka rubuta a kwali a tambaya na tsaye ne ko na tafiya, domin na tsaye yakan ninka na tafiya sau 2 ko 3, kuma shi masu talla suka fi son bugawa. Idan da fam na Amurka aka rubuta, fam 800 kilo 363 ne kacal. In akwai adadi na uku na hanyar daji, da shi za a yi aiki, don layukan cikin unguwa da damina ba su da maraba da daji. Wadda aka ciro daga manyan motocin Amurka irin su Ford F-150 ta fi bodin Hilux faɗi, kuma sau da yawa an yi ƙafafunta ne su shiga ramukan da ke leɓen bodin waɗancan motoci. Yanke ta a haɗa yakan fi gina sabuwa tsada. Masu kamawa da maƙali kawai ba huda, na tsani ne da 'yan fayif na roba.

Ɗauri kuma rabin aikin ne. Robar tsohon tub da aka saba da ita tana riƙe kaya kada ya yi ƙara, amma a birki miƙewa take yi ta sake shi. A nemi ɗamara mai kacau-kacau, wato mai makullin matsewa, mai faɗin milimita 50, a karanta lambar da ke jikinta, aƙalla 2 a kan dogon kaya, 3 in ya wuce mita 4. Rodi da fayif a fara ɗaure su dami guda, ɗamara ta zagaye damin kafin ta sauka ƙugiya, in ba haka ba na tsakiya ne ke fita kamar mashi. Kwano da katako a sa kwali ko roba a kaifinsu. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi, shimfiɗa roba ko katako a saman sandunan gicciye na rage zamewa sosai. Abin da ya leƙo baya a ɗaura masa jan ƙyalle, da dare kuma abu mai ƙyalli. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa (FRSC), na hukumar kula da zirga-zirga ta Legas (LASTMA) da masu duba lafiyar motoci ba sa barin wannan ya wuce, kuma a nan gaskiyarsu ce. Masu nauyi a ƙasa, a matso da su jikin gidan gaba. A mota mai gida biyu, wadda bodinta kusan mita 1.5 ne, babban ɓangarensa yana bayan tayar baya, kuma nauyin da aka tara a can yana ɗage gaba, sitiyari ya yi sako-sako, shasi ya riƙa lanƙwashewa a tsakanin bodi da gidan gaba. Yaron mota kuwa wurinsa ciki, ba saman kaya ba.

Ƙara ganyen sifirin yana ɗaga bayan mota ta daina zama, amma birki, bodi, bori da tayoyi suna nan yadda suke. A duba lambar nauyi a jikin taya: 104 kilo 900 ne, 110 kilo 1,060, 112 kilo 1,120 ga kowace taya, kuma sai in iskar ta cika yadda aka rubuta don lodi. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT da ke jikin taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 na 2019. Mai sayen tokunbo ya karanta kafin ya biya.

Kafin a karɓi aiki, a gwada a gaban mai walda. A ja zare a ƙarƙashin kowace sandar gicciye daga ƙafa zuwa ƙafa, a shimfiɗa katako, a jera buhunan siminti har su kai ninki ɗaya da rabi na abin da za a riƙa ɗauka, wato buhu 9 ga mai nufin kilo 300, mota na tsaye a wuri mai daidai. A bar su kamar minti 30, a sauke, a duba zaren. Sandar da ba ta koma daidai ba ta faɗi. Sannan a bar buhu 4 ɗaure da kyau, a zagaya fili ba kowa, a taka birki da ƙarfi sau 3 a gudun kilomita 30, wani na tsaye nesa a gefe yana kallon ƙafafu. Bayan mako na farko a sake ɗaure dukkan notuna, domin roba da fenti suna zama, daga nan kuma duk wata. Jan gari a kewayen noti alama ce yana motsi. Siririn layin tsatsa a gefen walda tsaga ce. A goge ta har ƙarshenta, a sake walda, a ƙara faranti a wurin kafin lodi na gaba.

Mun gode da ba mu fili. Wassalam.

Daga wasu masu walda da direbobin a-kori-kura,
Agege da Mile 12, Legas.